Riguna Talatin a Kilo Bakwai

Kun taɓa ganin mutum ɗaya, kai ɗaya, amma wuyan riga goma sha uku, yana tafiya a filin jirgi hannuwa a bubbuɗe kamar kazar da ake shirin figewa? Ni na gani, kuma ba daga nesa ba, domin mijin yayata ne. Tikitinsa ma ni na saya masa a wayata.

Tela ne, kuma a yi masa adalci, hannunsa yana da kyau. Bakinsa ne annoba. A layinmu ana ce masa Almakashi, saboda babu farashin da zai ji bai datse shi ba. Yakan ce tun da aka haife shi ɗan Adam bai taɓa cin kuɗinsa a banza ba. Jirgin sama sau ɗaya ya taɓa hawa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, amma in kuka ji yana ba da labari sai ku rantse shi ya koya wa matuƙin hanya.

To, sai arziki ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wani sabon otel da za a buɗe a wani gari mai nisa ya ba shi ɗinkin rigunan masu girki guda talatin, farare sol. Yadin ma otel ɗin ne ya aiko, irin wanda ba a samunsa a kasuwa, an saƙa tambarinsu a jiki. Manajan ya faɗa masa baki da baki cewa in rigunan sun iso cif talatin kafin ƙarfe biyu na ranar buɗewa, kayan dukan ma'aikatansu sun zama nasa, daga mai gadi har mai shara, shekara da shekaru. In ba su iso ba, akwai wani tela da ke jira. Yaya kwana uku ba ta daina murmushi ba. Shi kuwa ya ɗauki aikin da muhimmanci har ya gama shi ana gobe buɗewa, wanda a lissafin tela wannan sauri ne.

Mota ba za ta kai a kan lokaci ba, dole jirgi. Ni ma da ma ranar zan tafi garin, an gayyace ni taron matasa masu sabuwar dabarar kasuwanci, wata huɗu ke nan da gama jami'a. Na nemo mana jirgin araha, na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla. Irin wannan jirgi kujera kawai yake sayar maka, sai 'yar jakar hannu da ba ta wuce kilo bakwai ba. In kana da ƙarin kaya ka biya tun a waya, kuɗin bai kai ladan ɗinkin riga ɗaya ba. In ka bari sai a filin jirgi, ninki uku ne. In ka bari sai a ƙofar shiga jirgin, sai abin da suka ga dama.

Ya saurare ni yana lilo da ƙafa, sannan ya ce, "Digiri, karatun nan da aka kashe maka kuɗi, koya muku aka yi ku riƙa miƙa wuya a yanka?"

Na ce masa an koya mana karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan tikiti. Ya ce shi ma ƙananan rubutun sun san shi. Yaya ta leƙo daga ɗaki ta ce ya bari a biya, ko daga kuɗinta ne. Ya ce mata ta bar maza su yi magana a kan sufuri.

Da yamma ya kira taro ba tare da ya kira ba. Ya fito da teburin yanka ƙofar shago ya shiga naɗe rigunan, kuma kafin ya kai ta biyar mai wanki da guga ya bar dutsensa, mai gyaran waya ya rufe akwatinsa, mai shayi ya matso da benci. Naɗin kam sai shi. Kowace riga ya ninke ta ƙirji a sama, ya kama kafaɗu da hannuwa da fil, waɗannan ƙananan allurai masu kai da teloli ke riƙewa a baki, sannan ya maƙala takardar sunan mai rigar a cikin wuya da wani fil ɗin. Yana naɗi yana lacca. Ya ce kamfanonin jirgin araha kamar masunta suke, tikiti shi ne tana, kuɗin kaya shi ne ƙugiya, kuma kifin da ya san ruwa tana yake cinyewa ya bar musu ƙarfensu. Mai wanki ya tambaye shi ko riga talatin za su tsaya a kilo bakwai. Ya ce idonsa sikeli ne, amma saboda masu ƙaramin imani za a auna.

Sikelin da ke kusa shi ne na Mai Ƙarafa, maƙwabcinmu da ke sayen tsofaffin tukwane da gwangwanaye da ragowar ƙarfe a kan kilo. Muka ɗunguma can, Almakashi a gaba da jaka a kafaɗa. Muka tarar da mutum biyar sun yi layi da buhunansu suna jiran awo. Aka rataya jakar a ƙugiyar sikeli, allura ta yi rawa ta tsaya ƙasa da bakwai kaɗan.

Almakashi ya juyo ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kallon da ya fi zagi ciwo.

Mai Ƙarafa ya sosa ƙeya ya ce, da dai zai ƙara gwadawa a wani sikelin, tunda tafiya ce ta sama. Almakashi ya tambaye shi da ƙarfi, a gaban masu buhuna, ko bai yarda da sikelinsa ba ne. Mutum biyar suka ɗago kai a tare. Mai Ƙarafa ya rantse cewa sikelinsa ko a asibiti sai haka. Ni a lokacin wata dabara ce ta faɗo mini, a kafa sikeli na gaskiya a kowace unguwa matafiya su riƙa aunawa, har na rubuta ta a waya. Ban yi zaton kasuwar tana tsaye a gabana ba.

Washegari da safe Yaya ta raka mu filin jirgi. Layi dogo, kowa da jakarsa. Almakashi bai ɓata lokaci ba, ya juya ya fara koya wa na bayansa yadda ake tafiya, wani dattijo mai gilashi da wata mata mai goyo. Da ya ga wani ya zaro kati yana biyan kuɗin kaya sai ya girgiza kai ya ce Allah ya jiƙan dukiya.

Muka iso gaban ma'aikaciyar awon kaya, wata siririya da ba ta ɗaga murya. Ta ce ya ɗora jaka. Lambobi suka haska: goma sha biyu.

Ya ce ta sake. Ta sake, goma sha biyu. Ya sauke jakar, ya hure sikelin da baki, ya goge shi da hular kansa, ya ɗora a hankali kamar mai kwantar da jariri. Goma sha biyu. Ya ce wannan shi ne zaluncin da yake faɗa, an ɗaure sikeli don a ci talaka, kuma a kira masa babbansu. Matar nan mai goyo, wadda ta gaji da tsayuwa, ta zaro gwangwanin madarar ɗanta da ba a fasa ba, an rubuta kilo ɗaya a jiki, ta dangwara shi a kan sikelin. Ya nuna kilo ɗaya da ɗan nauyin gwangwani.

Mai hankali a nan zai tsaya. Shi waya ya zaro, ya kira Mai Ƙarafa, ya buɗe murya kowa ya ji, ya ce ya faɗa wa mutanen nan nawa jakarsa ta auna jiya.

Muryar Mai Ƙarafa ta fito a sanyaye. "Maƙwabci, ai na ce ka gwada wani. Nawa sikelin saye ne. Ba a tafiya da shi."

Layin ya fashe da dariya, har dattijo mai gilashi ya cire gilashin yana share ido. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, Yaya, wadda shekara shida tana kai wa Mai Ƙarafa tsofaffin tukwanenta. Na ga bakinta yana motsi, na san ba addu'ar alheri ba ce.

Ma'aikaciyar ta faɗi abin da zai biya. Yaya ta buɗe jakarta. Ya dafe hannunta ya ce in ta biya ko sisi ta tozarta shi a bainar jama'a, kamar akwai sauran abin tozartawa. Sannan ya juya ga ma'aikaciyar ya tambaye ta ko ana auna abin da ke jikin mutum. Ta ce ba a aunawa. Ya kalle ni ya kashe ido.

Nan a ƙasa ya zuge jakar. Ya zare fil ɗin kafaɗu da na hannuwa yana tarawa a baki, ya fara sa riguna ɗaya kan ɗaya. Saboda gaggawa bai duba girma ba. Ta farko ta wani ƙato ce, ta sauko masa har gwiwa. Ta huɗu ta wani ɗan siriri ce, da ya tura hannu sai muka ji ɗinkin hammata ya yi ƙara. Ya ce shi ya ɗinka, shi zai gyara. Bayan kowace riga biyu sai ya ce a auna. Goma da rabi. Tara. Takwas da wani abu. A riga ta tara maɓallai suka daina haɗuwa. A ta sha ɗaya ya kasa lanƙwasa hannu, sai Yaya ce ke cusa masa kamar ana cika matashi. A ta sha uku sikeli ya nuna bakwai, ma'aikaciyar ta miƙa masa takardar shiga jirgi, sai dai hannunsa ba ya kaiwa gaba, ni na karɓa.

Ya tofar da fil ɗin a tafin Yaya, ya juya gaba ɗayansa, don wuyan ba ya juyawa shi kaɗai, ya ce wa layin, "Wanda ya iya, ya iya."

Yaya ba ta yi masa sallama ba. Ni ta ja gefe ta ce don Allah in ga rigunan sun isa.

Wurin bincike bai fi taku hamsin ba, amma kafin mu kai gumi ya fara sauko masa daga hula. Ya shiga ƙofar na'ura a karkace don faɗinsa ya fi nata. Ta yi kuka. Aka ce ya koma ya cire tsabar kuɗi da makulli. Na zaro masa su daga aljihun wando da ƙyar. Ya sake shiga, ta sake kuka. Jami'in tsaron wurin ya kawo sandarsa ta bincike, ya bi jikin lafiya lau har ya iso wuya, nan ta rikice kamar an taka jelar kyanwa. Fil ɗin kafaɗu ya cire, amma na takardun suna yana nan a cikin kowane wuya, goma sha uku a jere a bayan ƙeyarsa.

Jami'in, wanda aikinsa ne ya taɓa ya ji, ya danna wurin da tafin hannu. Almakashi ya yi wani tsalle da ban san mai riga sha uku zai iya ba. Jami'in ma ya janye hannu yana tsotsar yatsa. Abokan aikinsa biyu suka matso, fuska ba wasa, suka ce ya tuɓe duka.

Tuɓewar ta fi sawar wuya. Sai da mutum biyu suka riƙe hannuwan riga suna ja shi yana ja baya. Kowace aka cire sai a zare fil, a jefa a kwandon shara, takardar suna ta faɗi ƙasa, rigar ta hau tire ta bi ta cikin na'ura. Fasinjoji da suka riga suka wuce suka dawo suna kallo, wasu da waya a sama, wani yana ƙirgawa da ƙarfi jama'a na amsa masa. Uku na can ciki sun jiƙe sharkaf. Ɗaya ta samu ɗigon jini a wuya. Da aka kai ga rigarsa ta asali sai ga ɗan mutum, rabin wanda ya shigo, yana haki, yana bin takardun suna a ƙasa yana tsincewa. Ya ce wa jami'in a wancan karon da ya hau jirgi ba a yi masa haka ba. Jami'in ya tambaye shi ko a wancan karon ma shagon ya sako a jiki.

Lasifika ta kira jirginmu kira na ƙarshe. Muka kwasa da gudu, jaka a hannuna, riguna sha uku rungume a ƙirjinsa. A ƙofar shiga wani ma'aikaci mai kauri ya tare shi ya ce abin da ke hannunsa kaya ne na biyu, ya faɗi kuɗin. Ya ninka na ɗazu. Na raɗa masa cewa akwai kati a jikina, ya bari in biya mu wuce, ba wanda zai ji a layinmu. Na ga ya yi jim, wallahi har na sa rai. Sai idonsa ya faɗa kan sauran fasinjojin da ke jiran shiga, fuskarsa ta washe, na san mun shiga uku.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo cikin sigar umarni, kowa ya sa riga ɗaya a kan kayansa. Mutane da ma sun gama shan dariyarsa, suka karɓa don nishaɗi. Dattijo mai gilashi ya sa. Wasu samari uku 'yan ƙwallo suka sa suna sara wa juna. Mai goyo ta yafa tata a kan jaririn. Shi kansa ya sa ɗaya, ni ma na sa ɗaya saboda Yaya, sauran goma sha ɗaya suka tafi jikin mutanen da ko sunansu bai tambaya ba.

Ma'aikacin ya bari sai da aka gama tsaf, sannan ya ce doka ta hana fasinja ɗaukar wa wani kaya. Ya nuna fararen rigunan ya tambaya na wane ne. In nasa ne, ya biya. In nasu ne, su wuce.

Almakashi ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. "Nasu ne. Na ba su kyauta, halak malak. Kowa ya shaida."

Ma'aikacin ya ce ya shaida, ya matsa gefe.

A cikin jirgi kamar an kwaso ɗakin girkin wani otel. Shi kuwa tun daga tashi har sauka bai rufe baki ba, yana leƙo ni ta tsakanin kujeru yana tambaya ko an koya mana wannan a jami'a. Kujerarmu tana can ƙarshe, don zaɓen ta gaba ma kuɗi ne kuma ya ƙi biya. Ma'anarsa, mu ne na ƙarshen fita.

Da muka iso zauren masu sauka, mutum huɗu muka tarar suna jira da riguna a hannu, har da mai goyo, tata da ɗan tumbuɗi a kafaɗa. Sauran sun bi jama'a. Almakashi ya hau kan benci yana kiran masu fararen riguna. Ya hango dattijo mai gilashi a bakin ƙofa, ya ruga ya riƙe masa hannun riga. Dattijon ya dube shi ta saman gilashi, cikin ladabi, ya tuna masa cewa ya ba shi halak malak a gaban shaidu, kuma shi bai saba mayar da hannun kyauta baya ba. Almakashi ya ce ai wannan dabara ce. Dattijon ya ce to ta yi aiki. Wani ɗan sanda ya matso ya tambayi abin da ke faruwa, fasinjoji uku suka tabbatar masa a tare cewa da kunnensu suka ji kyauta. Ɗan sandan ya ce wa Almakashi ya saki bawan Allah. Samarin nan 'yan ƙwallo suka wuce a bayan gilashin mota, suna ɗaga masa hannu cikin fararen rigunansu.

Ƙarfe biyu saura kwata muka shiga otel da riguna ashirin da uku. Manajan ya baje su a kan tebur a gaban masu girki talatin da suka yi layi suna jira. Ya ƙirga sau biyu. Ya ɗaga mai yagaggiyar hammata, ya shinshina ɗaya daga cikin jiƙaƙƙun ya mayar da sauri. Takardun suna kuwa suna aljihun Almakashi a cukurkuɗe, sai kowa ya riƙa gwada ta wani. Almakashi ya buɗe baki ya fara bayanin zaluncin kamfanonin jirgi. Manajan ya ɗaga hannu ya tambayi nawa ne kuɗin kayan da a ce an biya tun farko. Ban so faɗa ba, amma ni aka kalla. Da na faɗa, babban mai girki ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Manajan mutumin kirki ne, ko kuma ɗinkin ne ya yi masa kyau ƙwarai. Ya ce wanki da gyara matsalar tela ce. Amma yadin ba shi da sauran ko taƙi ɗaya, kuma ba zai yarda tambarin otel ɗinsa ya riƙa yawo a jikin mutanen da bai sani ba. Ya ba shi kwana goma ya dawo da bakwai ɗin nan, su ɗin dai, in ba haka ba ɗaya telan ya karɓi aikin.

Yau kwana shida. Almakashi yana zaune a shago yana gaya wa mai wanki cewa shi dai har yanzu kamfanin jirgi bai ci ko sisinsa ba. Yaya ta daina dafa abin da yake so.

Saboda haka nake roƙo, don yayata, ba don shi ba. In kana cikin mutum bakwai ɗin nan, ko ka ga maƙwabcinka ya wayi gari da farar rigar mai girki alhali ko ƙwai bai iya soyawa ba, a taimaka a kai ta ofishin kayan da suka ɓata a filin jirgin da ka sauka, na bar lambata a can. Baba mai gilashi, na san kyauta ce, kuma gaskiyarka ce, amma ka dubi yayata. In kuma kun haɗu da shi a hanya kada ku miƙa masa hannu da hannu, don kafin la'asar zai tara jama'a ya ce da ma haka ya tsara.